Fim muka je kallo ko ƙuruciyarmu?

A shagon wani abokina tela da ke Tudun Wada a Kaduna akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun 2023. Duk ranar da hirar ƙwallo ta ƙare, ta siyasa kuma ta gundure mu, sai wani ya tono ta. Maganar Gadar 2 ce, fim ɗin Indiya da Sunny Deol ya sake fitowa a matsayin Tara Singh shekara 22 bayan na farko. Telan, wanda furfura ta fara cin gemunsa, rantsuwa yake yi cewa rabonsa da jin daɗin fim haka tun zamanin kaset. Ɗan yayata kuwa, ɗalibin jami'a da aka haifa bayan fitowar na farkon, cewa ya yi ɗumame ne aka zuba wa man shanu aka kira shi sabon tuwo.

"Kawu, don girman Allah, mene ne a fim ɗin nan in ka cire ihu?" Haka ya tambaye shi rannan.

Telan bai ko ɗago kai daga kan keke ba. "Yaro man kaza. Kai ka san famfon nan kuwa?"

Iyakar amsar da ya ba shi ke nan, kuma a ganina duk rigimar tana cikinta.

Ga wanda bai san famfon ba, bari in tuna masa. A fim na farko, wanda ya fito ranar 15 ga Yuni, 2001, Tara Singh direban babbar mota ne, mabiyin addinin Sikh, da ya ceci wata yarinya Musulma mai suna Sakina a tsakiyar yamutsin raba Indiya da Pakistan na 1947. Ya aure ta, suka haifi ɗa. Daga baya ta gano iyayenta suna raye a Lahore, ta je ganinsu, uban ya hana ta dawowa. Tara ya tsallaka iyaka ya bi matarsa. A gaban taron jama'a aka yi ta gindaya masa sharuɗɗa yana karɓa, har aka zo kan ya tsine wa ƙasarsa, ya ce bai san zance ba. Da aka yo kansa, sai ya rungumi famfon tuƙa-tuƙa, irin na rijiyar burtsatsen unguwa, ya tumɓuke shi daga ƙasa ya hau mutane da bugu.

A Gadar 2 an sake kai shi Lahore, wannan karon don ya ɗauko ɗansa. An sake tara masa jama'a, an sake ajiye famfo a kusa. Tara ya tsaya ya dubi famfon, kallo kawai, sai taron ya ranta a na kare. A nan ne telan ya miƙe tsaye yana tafi shi kaɗai a shago. Ɗan yayata, da ya kalla a wayarsa, abin da ya gani shi ne wani dattijo da ya haura sittin yana harara ƙarfe. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa game da abin da idonsu ya nuna musu. Wurin nan ba shi da ƙarfin kansa ko na sisin kwabo. Bashi aka ciyo daga fim ɗin 2001, kuma wanda bai san asalin bashin ba babu abin da za a biya shi.

Ni dai a kan ingancin fim ɗin ina bayan yaron. Sai dai ba na yarda a yi wa telan dariya, domin abin da ya ji a ransa na gaske ne. Abin da nake musu a kai shi ne wa ya ba shi wannan daɗin. Shi yana ganin darakta Anil Sharma ne. Ni ina ganin daga gida ya taho da guzurinsa, masu fim ɗin kawai sun shimfiɗa masa tabarma ne ya zauna ya ci.

Mu tuna yadda muka kalli na farkon. Watanni bayan fitowarsa ya iso mana a kaset, a shagon haya, wanda sai ka bar wa mai shagon sunanka da na gidanku kafin ya ba ka. Ka kawo gida kana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta, yaran maƙwabta sun cika tsakar gida, iyaye mata suna leƙe daga bakin ƙofa suna cewa su ba kallo suke yi ba, amma ko wace waƙa aka sako sun san inda za ta kai. Babu fassara a lokacin, kuma babu wanda ya nemi a fassara masa. Mun gaji kallon Indiya tun daga iyayenmu, waɗanda suka san finafinan da 'yan kasuwar Lebanon suka fara shigowa da su silimomin Arewa tun shekarun 1950. Iyayen namu ne suka raɗa wa Dharmendra, mahaifin shi Sunny Deol ɗin, suna Sarkin Ƙarfi. A shekarar da Gadar ya fito litar fetur naira 22 ce. A watan Agustanta ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. A lokacin mahaifin telan yana raye, yana zuwa aiki masaƙa a Kakuri. Lokacin da Gadar 2 ya fito, ranar 11 ga Agusta, 2023, ba a cika wata uku da cire tallafin mai ba, lita ta haura naira 600, uban ya daɗe a ƙasa, masaƙar kuma ciyawa ta cinye harabarta. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan mutum a wannan hali ya ji an sako waƙar da ya sani tun yana saurayi, da muryar Udit Narayan ɗin nan dai, me zai hana idonsa ya kawo ruwa? Ko tallar sabulu aka saka wa waƙar nan sai ya tsaya ya saurara.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu 'yan Kaduna musamman, wanda ban taɓa jin an ambata a shagon ba, wataƙila don ba magana ce mai daɗin tonawa ba. Gadar ya zo mana ne ƙasa da shekara biyu bayan rikicin Fabrairun 2000. Ba mu buƙaci wani ya bayyana mana abin da ake nufi da raba ƙasa ba. Mun ga mutane da katifa a ka suna tsallaka gada, waɗannan sun nufi kudancin kogi, waɗancan sun nufo arewa, kowa yana neman inda masu addininsa suka fi yawa. Mun san gidajen da aka sayar a wulaƙance. Mun kuma san waɗanda suka ɓoye maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba a uwar ɗaka, suka tsaya a ƙofar gida suka ce babu kowa a ciki. To fim ɗin da ya buɗe da jiragen ƙasa cike da gawawwaki, da namiji guda da ya tare gaban 'yan uwansa don kada su taɓa 'yar wani addini, a garin nan ba tatsuniya ba ce. Ina tuna shirun da aka yi a tsakar gidanmu a farkon fim ɗin, shirun da ba a saba yi wa fim ɗin Indiya ba.

Kada a ɗauka ina wanke na farkon ne. Shi ma yana da nasa ɗacin a kan Pakistan, har wasu Musulmin Indiya sun yi zanga-zanga a kansa lokacin da ya fito. Amma ko ba komai, bos ɗin cikinsa mutum ne. Ashraf Ali, wanda marigayi Amrish Puri ya fito a matsayinsa, uba ne da ya rasa gida da dukiya a rabon ƙasa, yake ganin an ƙwace masa 'ya. Kana jin haushinsa, kana kuma gane inda ciwonsa yake. A ƙarshe da hannunsa ya harbi 'yar tasa bisa kuskure, kuma wannan ne ya karya masa zuciya ya karɓi surukinsa. Amrish Puri ya rasu a Janairun 2005. A Gadar 2 an maye gurbinsa da wani janar ɗin soja da aikinsa kawai zare ido da ƙiyayya. Sakina, wadda saboda ita aka yi na farkon, an bar ta a gida tana kuka tana jiran maza su dawo. An kai labarin 1971, jajibirin wani yaƙin, an ƙara ƙarfin ihu, an ƙara yawan waɗanda za a doke. Masu fim ɗin sun zauna sun tace abin da suke ganin jama'a ke tunawa, suka ɗebo famfo da mota da waƙoƙi, suka bar ainihin abin da ya sa aka yi shiru a tsakar gidanmu.

Kuma lissafinsu ya fita, wannan babu musu. Fim ɗin ya tara sama da rupi biliyan 5 a cikin Indiya kaɗai. Ruwa ba ya tsami banza. Wata biyu kafin fitowarsa sai da aka goge na farkon aka mayar da shi silima don a tayar wa mutane da tsohon tsumi, sannan aka saki na biyun kwana huɗu kafin bikin 'yancin kan Indiya na 15 ga Agusta. Wannan ciniki ne da aka iya, kuma ba Indiya ta fara shi ba. A 2012 kamfanin Disney ya biya sama da dala biliyan 4 ya sayi kamfanin da ya mallaki Star Wars. Ba kyamarori ya saya da wannan kuɗi ba, ƙuruciyar miliyoyin mutane ya saya. Sabon labari sai ka kashe kuɗi ka koya wa mutane sunan jarumi, ka lallashe su su damu da shi, kuma duk da haka yana iya faɗuwa. Tsohon suna kuwa tallarsa ta gama kanta shekaru da yawa da suka wuce, uba ne ma zai jawo hannun ɗansa ya kawo shi. Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon kuɗinsa ya san wanda zai zaɓa.

To shin duk ci gaban tsohon fim yaudara ne? A'a, kuma a nan nake rabuwa da ɗan yayata, wanda ke son a yi musu kuɗin goro. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: an bar shekaru sun taɓa mutanen cikin labarin, ko kuwa an yi kamar jiya aka rabu?

Top Gun: Maverick ya fito a 2022, shekara 36 bayan na farko, kuma shi ma cike yake da tuna baya, har babur da tabarau. Amma akwai wuri guda da ya bambanta shi. Val Kilmer, wanda ya fito a matsayin abokin hamayyar Tom Cruise a 1986, ciwon dajin maƙogwaro ya riga ya cinye masa murya a zahiri. Masu fim ɗin ba su ɓoye ba, ba su kuma sauya shi da wani ba. Sun sa ciwon a cikin labarin. Tsofaffin abokan gaba biyu suka zauna, ɗaya yana magana, ɗayan yana rubuta amsa a kwamfuta. Yaron da bai taɓa ganin na 1986 ba zai gane abin da ke faruwa a ɗakin nan, domin kowa ya san abin da ake nufi da zuwa duba aboki da ba zai tashi ba. Wurin yana tsaye da ƙafarsa, sanin na farkon ƙari ne kawai.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Living in Bondage na 1992, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin da ya buɗe kasuwar bidiyo a kudancin ƙasar nan, labarin Andy ne da ya ba da matarsa don ya yi kuɗi. Da Ramsey Nouah ya ɗauko ci gabansa a 2019, bai dawo da Andy yana saurayi yana facaka ba. Kenneth Okonkwo ya dawo a dattijonsa, mai wa'azi da ke ɗauke da nadamar abin da ya aikata, yana kallon ɗan da bai rena ba yana bin sawun da shi ya bi. Shekara 27 ɗin da suka wuce su ne ma jarin labarin.

Sai dai in na tsaya a nan na yi wa masu shirya fim rashin adalci, domin mu masu kallo ma muna da namu kason. Lokacin da aka gwada barin shekaru su taɓa Luke Skywalker, jarumin Star Wars, a The Last Jedi na 2017, aka nuna shi tsoho mai ɗacin rai da ya guje wa duniya, wani ɓangare na masoya Star Wars sun yi kamar za su cinye daraktan ɗanye. Shi kansa Mark Hamill da ya fito a matsayin Luke ya faɗa a fili cewa bai yarda da yadda aka juya halin jarumin ba. Me ya biyo baya? A fim na gaba, a 2019, kamfanin ya tono bos ɗin da aka kashe tun 1983 ya dawo da shi, ko a huce. Wato da baki muna cewa a ba mu sabon abu, in an ba mu kuma mu ce an ɓata mana tarihi. Telan nan da nake ba ku labari, na tabbata da an nuna masa Tara Singh yana ciwon gwiwa, ya kama famfo ya kasa ɗagawa, ɗansa ne ya zo ya taya shi, da ya ce an ci mutuncin jarumi. Alhali shi kansa yanzu sai ya dafa teburin yanka yake miƙewa. Ina zargin abin da ba ma so mu gani ke nan. In jarumin ya tsufa, to mu ma mun tsufa.

Abin da ya sa na damu da wannan gardama har na kawo ta nan shi ne guguwar tana kan hanyar zuwa gidanmu, wato finafinan Hausa. Mu da ma mun saba da "mu haɗu a kashi na biyu", amma wancan fim guda ne ake yankawa biyu don a sayar da kaset biyu. Abin da ke tafe daban ne. Waɗanda suka kalli Sangaya da Wasila suna 'yan makaranta su ne yanzu masu gida, su ne masu sayen data, su ne masu iya biyan kuɗin tikiti. Ali Nuhu ya riga ya gwada ruwan da ya sake ɗaukar Mujadala da sababbin fuskoki, ciki har da Umar M. Shareef na nan Kaduna. Kuma mun ga yadda jama'armu ke riƙe fuska: da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka kawo Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya, an daɗe ana cacar baki a Facebook kamar an sauya wa mutane 'yar uwa. Duk furodusan da ke da ido ya ga kasuwa a nan.

Ina fata in za a yi, a yi da mutanen da shekaru suka taɓa. Masoyan da suka yi rawa a gindin bishiya a 2000 yanzu suna da 'ya'yan aure. Wani an sallame shi daga aiki, wata ta yi zawarci sau biyu, wasu rikici ya raba su da unguwar da suka tashi. Akwai labari a nan da ya fi a sake sa musu kaya iri ɗaya a ce su maimaita waƙa. Akwai kuma waɗanda ba za su dawo ba. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota a ranar farko ta 2007, Rabilu Musa Ibro ya bi shi a Disambar 2014. A Rogue One na 2016, wani fim na jerin Star Wars, an yi amfani da kwamfuta an dawo da fuskar Peter Cushing, wanda ya mutu tun 1994. Da yadda ƙirƙirarriyar basira (AI) ke sauƙi a yau, ba za a daɗe ba wani zai ce bari ya tayar da Ibro ya ba mutane dariya. Gara malamai da iyalan mamatan da 'yan masana'antar su yi wannan magana tun kafin a wayi gari a gan shi yana yawo a TikTok.

Akwai ma abin da ya fi wannan gaggawa. Masu Gadar sun iya mayar da na farkon silima ne don sun adana shi. Mu ina namu? Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, wa zai nuna maka shi garau a yau? Wasila, da Yakubu Lere ya shirya a garin nan, yawancin matasan Kaduna sunansa kawai suka sani. Abin da ake samu a YouTube na finafinan wancan zamani sau da yawa kwafin kwafi ne, hoto yana rawa, murya kamar daga cikin rijiya. Kwanaki na buɗe wani kwali a ɗakin ajiyarmu na tarar da kaset sun fi talatin, da tsofaffin mujallun Fim, mujallar da aka fara bugawa a nan Kaduna a 1999. Mujallun sun tsira, in ban da gefen da gara ta taɓa. Kaset ɗin kuwa duk sun yi fumfuna, zaren ya manne, ko da na sami bidiyon da zan saka su babu abin da zai fito. Masana'antar da ke shirin sayar wa mutane kewar jiya ta bar jiyan tana ruɓewa a cikin kwali.

Makon da ya wuce na sa ɗan yayata ya nemo Gadar na farko a wajen masu tura fim a waya, na ce kada ya sake yi mana gardama sai ya kalla. Fim ne na awa uku, ya ce zai yi ƙoƙari. Ranar Asabar ya shigo shagon, ya gaishe da kowa, ya sami benci ya zauna.

"Kawu, ashe fim ɗin soyayya ne," ya ce.

Telan ya tsayar da keke. Ya ɗan yi jim, kamar mai laluben wani abu a aljihu.

"Haka ne fa," ya ce. "Wallahi na manta."